Masallaci da coci sun sha gyara, makarantar unguwa fa?

Zauren tsofaffin ɗaliban firamarenmu, Kakuri, Kaduna

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, yau zan ɗan ja ku da magana. Shekaranjiya da aka yi ruwan safen nan na bi ta makarantarmu don in miƙa wa ɗan ƙanwata abin kari da ya manta a gida. Rabona da shiga harabar ya fi shekara goma. Ajin nan da muka yi aji huɗu, na kusa da dalbejiya, iska ta yaye rabin kwanonsa, sai aka kwashe yaran aka cusa su a ajin da ke gefe. Na tsaya a bakin taga ina ƙirge, da na haura 130 na gaji na bari. Bencin da ke ciki bai kai goma ba. Sauran yaran duk a ƙasa, wasu a kan buhun da suka zo da shi daga gida. Malama ɗaya ce a gaba, muryarta har ta dishe. Makewayi kuwa kada ma a ɗauko zancensa.

Ga abin da ya hana ni barci. Ina cikin kwamitin masallacin layinmu. Cikin wata uku muka tara kuɗin tayil da fankoki da sola, ba wanda ya ja. Cocin da ke bayan makarantar ita ma ta sha sabon rufi bana, duk mai wucewa ya gani. Daga masallacin zuwa cocin tafiyar minti biyar ce, makarantar tana tsakiya, kuma 'ya'yan masu sallah a nan da na masu sujada a can su ne zaune a kan buhu. Me ya hana liman da fasto su ɗunguma tare su je su buga ƙofar masu iko? Ko ni ne ban gane ba?

Ɗan Masaƙa:
Wa alaikumus salam. Ka gane sarai, Malam, kunya ce ta hana ka ƙarasa. Ɗan wane liman ne a makarantar, ko ɗan wane fasto? Kai kanka a ina Khalifa yake karatu?

Baban Khalifa:
A makarantar kuɗi. Ban ɓoye ba.

Ɗan Masaƙa:
To ka ba kanka amsa. Zagaya garin nan daga Kawo har Sabon Tasha ka ƙirga mini manyan masallatai da majami'un da ba su da makarantar kuɗi manne a jikinsu. Duk yaron da ya gudu daga ta gwamnati ciniki ne ya faɗo musu. Kana so mai sayar da ruwan leda ya shige gaba a je neman a gyara famfo?

Maman Rahila:
Ɗan Masaƙa, bakinka da kaifi tun muna aji uku, amma yau ban ƙi taka gaba ɗaya ba. Makarantar ikilisiyarmu da baikonmu aka gina ta, mu mata har yashi muka ɗebo da kai. Yanzu kuɗin zango ɗaya ya fi ƙarfin yawancin matan da suka ɗebo yashin. 'Ya'yansu na makarantar gwamnati. Wannan magana mun faɗe ta a gaban dattawa ba sau ɗaya ba.

Sai dai ba daidai ba ne a ce ba a iya komai. A unguwar da muka koma, zumuntar mata ce ta lura 'yan mata manya ba sa komawa aji bayan tara. Da muka bincika, ashe babu inda za su kewaya, sai su tafi gida, in sun tafi kuma shi ke nan. Muka rubuta takarda ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, shiru. Muka koma, aka ce ya fita. Karo na uku muka ɗaura zanen zumunta, muka cika motar haya biyu, muka zauna a barandar ofis muna waƙa a hankali. Ba zagi, ba ihu. Kafin azahar ya fito ya saurare mu. Ba duka muka samu ba, amma an gina makewayi kuma an turo malamai biyu. Abin da na gani da idona shi ne, ma'aikaci yana iya ajiye takarda a aljihun tebur ya manta, amma mata hamsin a ƙofarsa ba sa shiga aljihun tebur.

Maman Ummi:
Ina bin ku, zan yi magana in na gama kwantar da yara.

Baba Hedimasta:
'Ya'yana, sannunku. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Na ji daɗi da wannan zance ya taso daga bakinku.

A 1976 aka fara UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, ina sabon malami. Yara suka yi mana yawa a lokacin ma, har ƙarƙashin bishiya mun koyar. Bambancin shi ne, a ajina ɗan manajan masaƙa da ɗan leburan masaƙa benci ɗaya suke zama, ɗan limami da ɗan katikis kwano ɗaya suke ci da tara. Idan taga ta karye ranar Litinin, kafin Juma'a wani uba mai faɗa a ji ya yi magana inda ya kamata. Ba don gwamnatin lokacin waliyyai ne ba. Don mai ɗaki na cikin ɗakin ne, ya san inda yake masa yoyo. Da masaƙu suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, kuma rikicin 2000 ya raba garin biyu, mai hali ya kwashe 'ya'yansa, aka bar makarantar ga wanda ba shi da murya. Yau a unguwannin talakawa wa ya rage da ke tara mutum dubu a wuri ɗaya kowane mako su yi shiru su saurare shi? Liman ne da fasto. Ko kansila ba ya iya wannan sai ya raba kuɗin mota.

Dattijo Bulus:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ka tsallake wani wuri. Mu mun taɓa riƙe makarantu, kuma sun yi kyau. A farkon shekarun 1970 gwamnatin soja ta karɓe su. St John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St Paul's ta Wusasa ta zama Kufena. An karɓe ba tare da an tambaye mu ba, yanzu kuma sai a ce mu zo mu yi roƙon a gyara abin da aka lalata? A mayar wa masu abu abinsu, a ga aiki.

Na'ibi:
Dattijo, ba naku kaɗai aka karɓe ba. Kwalejin Sheikh Sabah ita ce yau Sardauna Memorial. Kuma shekara hamsin ke nan 'ya'yan kowa ke shiga waɗannan makarantu, da harajin kowa aka ƙara gine-gine. In aka ce za a raba gado yanzu, faɗan da zai biyo baya ya fi gyaran yawa.

Lauya:
Bari in sa baki a nan. Legas ta mayar da makarantun mishan a 2001, suka koma na kuɗi, ɗan talaka ya fita. Anambra ta mayar amma gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamai, shi ya sa nata ya bambanta. To ko an mayar da Rimi da Queen Amina gobe, me zai canza ga yaron da ke zaune a kan buhu a Kakuri ko Rigasa ko Unguwar Romi? Waɗannan firamaren LEA ne, wato na hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ba mishan ba ce ta gina yawancinsu, ba wanda za a mayar wa.

Dattijo Bulus:
Na ji, Lauya. Ban janye maganata ba, amma na yarda ba ita ce ta yau ba.

Malama A.:
Ni ina koyarwa a firamaren gwamnati, ba tamu ba, wata ce a tsallaken gada. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Don Allah in za ku zo, kada ku zo wa hedimasta da faɗa. Ba shi ke ɗaukar malamai ba, ba shi ke ba da kwangila ba, sau da yawa allin ma daga aljihunsa yake saya. Mun sha ganin 'yan ƙungiya su zo su ɗau hoto su watsa a Facebook, washegari takardar tuhuma ta sauko a kan hedimasta, rufin kuma yana nan yadda yake.

Kun san abin da ya faru a 2017. Aka yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, aka ɗebi sababbi. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Ba zan ce kowa da aka kora ya iya aiki ba, akwai waɗanda ɗan siyasa ne ya cusa su, mun san su. Amma tun daga nan malami ya koyi rufe baki. Ba malamin da zai fito ya ce ajina ya yi yawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Ni littattafan ajina in na ce zan duba su duka, sai na kwana biyu ban koyar ba. Shi ya sa muke buƙatar wanda ba a iya kora ya yi magana a madadinmu.

Sannan, Allah ya gafarta Malam Na'ibi, akwai naku a ciki. Yaro ya zo ƙarfe tara saboda talla, yarinya ta ɓace a aji biyar an ce an ba da ita, ranar Juma'a aji ya koma rabi. Wannan ba SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba ce za ta gyara shi. Kalma ɗaya daga mumbari ta fi takarda goma daga ofishinmu.

Na'ibi:
Malama, na karɓa, gaskiya kika faɗa. Kuma ba baƙon abu ba ne a addini. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, koya wa yara goma na Madina rubutu shi ne fansarsa, alhali ba Musulmi ba ne. Nana Asma'u kuma har ƙauyuka take tura jajis, malamai mata da ta horar, su koyar da mata. Huɗuba a kan tura yara makaranta da hana talla a lokacin aji, wannan ko jibi zan iya roƙon Liman ya yi.

Inda nake jan ƙafa shi ne ɗaya ɓangaren. Ranar da liman ya hau mumbari ya ce gwamnati ta gaza a makarantar kaza, kafin a sallame sallah an ce ɗan adawa ne, rabin sahu ya ɓata rai. Masallaci na kowa ne, da mai jam'iyyar nan da mai waccan. Sannan in aka ga motarmu da ta coci sun jera, akwai masu cewa an fara haɗa addini. Ba ni na ce ba, amma kun san mutanenmu.

Ɗan Masaƙa:
Allah ya gafarta Malam, in ce dai ba yau aka fara siyasa a mumbari ba? Lokacin zaɓe har sunan ɗan takara muke ji, a masallaci da coci duka. A 2016 da aka kawo ƙudurin dokar wa'azi, malamai da fastoci da yawa sun sami murya nan take, aka yi taron manema labarai, har kotu aka je. Da abin ya taɓa lasifika an iya magana, da ya taɓa ɗan marayu sai a ce masallaci na kowa ne. Ni dai na san wanda ya karɓi kujerar Makka ko ta Urushalima, da buhun shinkafar azumi ko ta Kirsimeti, bakinsa ya yi nauyi.

Na'ibi:
Ka yi mana kuɗin goro, ɗan'uwa. Ni keken ɗinki ne ke ciyar da ni, ban taɓa taka gidan gwamnati ba.

Ɗan Masaƙa:
Ba da kai nake ba, Malam, ka yafe ni. Da manyan nake.

Maman Rahila:
A kan haɗa addini, Malam Na'ibi, ba wanda ya ce ka shigo sujada ko mu mu shiga sahu. A bakin ƙofar makaranta za mu haɗu. Imam Ashafa da Fasto Wuye da suka yi gaba da juna da makami sun zauna tebur ɗaya tun 1995, shugabanninmu sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. In an iya haɗuwa don a daina kisa, haɗuwa don kwanon aji ce za ta gagara? Kuma akwai dabara a ciki. Mu kaɗai in muka je, za a ce 'yan kudu ne ke ƙorafi. Ku kaɗai in kuka je, za a ce wata ƙungiya ce ke neman na goro. Mu biyu a tare, jami'i ba shi da inda zai ajiye mu.

Alhaji Mai Yadi:
Surutu ya yi yawa. Ni na ɗauki benci 20, kafinta na nan a layinmu. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, a wuce wurin. Jiran gwamnati jiran gawon shanu ne.

Akawu Mai Ritaya:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, kuma kada ka fasa. Amma ka ba ni minti biyu, don na yi shekaru ina ɗaukar irin waɗannan fayiloli daga tebur zuwa tebur.

Benci 20 zai zaunar da yara 60 ko 80, damina biyu ya karye. Malami fa? Masallaci ba ya iya ɗaukar malami ya sa shi a albashin gwamnati. Kuma kuɗin gyaran nan ba sadaka ba ne da za a roƙa, doka ce ta ware shi. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne. Ta ce a riƙa cire kashi 2 cikin 100 na babban asusun tarayya a ba UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, sannan SUBEB ta kai jerin makarantun da za a yi wa aiki. To a wurin rubuta jerin nan ake yin komai. Makarantar da ɗan majalisa ya kira waya a kanta tana shiga, wadda ba wanda ya ambata tana jiran baɗi. Ba lallai mugunta ba ce. Makarantu dubbai ne, kuɗin ba ya isa, wanda ya matsa shi ake gani.

Kuskuren da jama'a ke yi uku ne, duk na gan su. Su zo bayan an gama kasafin kuɗi, ihu bayan hari. Su zo da baki babu takarda, "makarantarmu ta lalace", to wace ce ba ta lalace ba? Sannan su zo sau ɗaya, a ba su lemo a ɗau hoto, ba su ƙara dawowa ba. Ku zo da lissafi: yara nawa a rajista, nawa ke zuwa, aji nawa ke da rufi, malamai nawa a takarda, nawa a aji. A sa hannun liman, fasto, mai unguwa da shugabar mata. Kwafi ga Sakataren Ilimi, kwafi ga SUBEB, kwafi ga ɗan majalisar jiha, kowanne a buga muku hatimin an karɓa. Bayan mako uku ku koma da kwafinku mai hatimi. In an ba da kwangila kuma, ku tsaya a kan ɗan kwangila, don siminti buhu nawa ya zuba shi ne bambancin ajin da zai yi shekara ashirin da wanda zai tsage kafin a cire allon sanarwa.

Alhaji Mai Yadi:
To a yi duka biyun. Benci na nan.

Lauya:
Ƙari a kan na Akawu, dokar nan ta 2004 ta mai da karɓar kuɗin makaranta a firamaren gwamnati laifi. Haka uban da ya ƙi sa ɗansa. Ita kuma makarantar Lokoja Road a Rigasa, wadda jaridu suka yi ta bugawa tana da yara sama da 20,000, ai sai da zancenta ya cika gari aka gina mata benaye.

Malama A.:
Kafin a kama hedimasta da laifin karɓar kuɗi, Lauya, a tambaya da me zai buga takardun jarrabawa.

Maman Ummi:
Na dawo. Na karanta duka daga sama. Yayyena, ku yi mini haƙuri da abin da zan faɗa. A duk masu magana a nan, ina jin ni kaɗai ce 'ya'yana ke cikin makarantar. Uku ne. Tun rasuwar babansu ƙosai nake soyawa a bakin titi, ba ni da na makarantar kuɗi.

Benci yana da kyau, Alhaji, Allah ya biya ka. Amma ba zaman ƙasa ke sa ni kuka ba, mu ma a tabarma muke zama a gida. Babban, aji biyar yake. Rannan aka turo mini saƙo a waya na ce ya karanta mini, ya tsaya yana kallon wayar, daga baya ya ce kansa ke ciwo. Sunansa kaɗai ya iya rubutawa. A Islamiyya kuma ya kusa izu goma, malaminsu har yabonsa yake, don haka ba daƙiƙi ba ne. Shekara biyar ina wanke masa yunifom ina hana shi tayar mini da talla, ashe zuwa kawai yake ya dawo.

Lokacin da aka fara ba yara abinci a 2016 makarantar ta cika har ba wurin taka ƙafa, da an ci sai a watse. Ban raina abincin ba, amma ko a lokacin ba wanda ya tambaya ko sun iya karatu.

Sannan katanga. Ta baya ta faɗi tun bara. Da dare 'yan shaye-shaye ke kwana a ajujuwa, da safe yaranmu ne ke share kwalabe da ƙazanta kafin a fara darasi. Ummi ba ta shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama ta a can. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, Yaya Baban Khalifa, filin ƙwallon da kuka yi wasa a kai ka duba shi da ka je? Shaguna sun ci gefe ɗaya. Ɗaya gefen kuma wurin alwala ne da rumfar masallaci. Ta bayan ma cocin ta matso da shingenta don wurin ajiye motoci. In za ku je wurin gwamnati, me za ku ce in ta tambaye ku filinta?

Ɗan Masaƙa:
Tirƙashi.

Baba Hedimasta:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki su. Filin nan da taswirarsa, ina hedimasta aka kafa duwatsun iyaka. Ku nemi kwafi a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Baban Khalifa:
Ƙanwata, kin ɗaure ni. Rumfar ba ta masallacinmu ba ce, ta ƙaramin na kwana ce, amma na sha yin alwala a wurin ban taɓa tambayar ƙasar waye ba. Zan kai maganar gaban kwamiti, ko za a ji haushina.

Dattijo Bulus:
Shingen nan na san lokacin da aka matsa da shi. Aka ce na wucin gadi ne saboda babban taro. Shekara huɗu ke nan. Ba ikilisiyata ba ce, amma Rabaran ɗin abokina ne, zan same shi.

Na'ibi:
Sallah a ƙasar da aka ƙwace, malamai sun yi magana mai nauyi a kanta. Wannan ba sai an je SUBEB ba. Kuma maganar yaron nan ta tsaya mini a rai. Islamiyyarmu babu kowa a cikinta daga safe har azahar ranar Asabar, muna da samari masu NCE da ke zaune ba aiki. A koya wa yara haɗa baƙi na boko, da Hausa tukuna, kamar yadda muke yi da alifun ba'un. Wanda ya zo, nasu ko namu.

Akawu Mai Ritaya:
Madalla, Malam. Sai dai kada darasin Asabar ya zama dalilin da za a bar neman malamai. Haka ake yi mana kullum, jama'a su toshe rami, ofis ya rubuta an gyara.

Ɗan Masaƙa:
Ni har yanzu ban ga abin da zai hana a yi taro biyu a watse ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban nan ma sau nawa muka ce za mu yi fenti?

Malama A.:
Ba sai kun kafa sabuwar ƙungiya ba. Kowace makarantar gwamnati tana da SBMC, kwamitin al'umma na kula da makaranta. Ya bambanta da PTA. A cikinsa akwai kujerar mai unguwa, ta mata, ta tsofaffin ɗalibai, ta masu sana'a, har da ta malaman addini. Lokacin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN an horar da su sosai a jihar nan, wasu na aiki har yau, wasu suna ne kawai a bango. Takardar da ta fito daga SBMC ofis ba ya iya cewa bai san masu ita ba. Yanzu na kira wata abokiyar aikina da ke makarantarku ta duba mini jerin da ke manne a ofishin hedimasta. Wakilin Musulmi Limamin masallacinku ne, Baban Khalifa. Ta ce tun zuwanta ba ta taɓa ganinsa a zama ba. Wakilin Kirista kuma wani dattijo ne da ya tashi ya koma Gonin Gora.

Baban Khalifa:
Ikon Allah. Na rantse Liman bai san sunansa na wurin ba.

Malama A.:
Zai yiwu. Wani lokaci cike gurbi kawai ake yi don takarda ta wuce.

Maman Rahila:
To kujera biyu na nan babu kowa a kai. Dattijo, ka gaya wa Rabaran ya ba da wanda ke zaune a unguwar, kuma in da hali mace, don mu ne ke zuwa taro. Ni zan nemi shugabar zumunta ta cocin. Akwai matan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, a wajenku, Maman Ummi?

Maman Ummi:
Akwai, Mama. Amirarmu ta Islamiyyar matan aure ma jikokinta na ciki.

Baban Khalifa:
To mu tsayar da rana. Asabar bayan la'asar a harabar makarantar, in kowa ya yarda. Akawu ya zo mana da yadda za a tsara lissafin.

Maman Ummi:
Ba Asabar ba, Yaya. Asabar gini kawai za ku gani. Ku zo Talata da ƙarfe tara, Liman da Rabaran su shiga aji biyar da ƙafarsu, su ba yaro littafi su ce ya karanta. A gaya wa hedimasta shi kaɗai, a daren Litinin, don girmamawa. In labari ya bazu tun yanzu, share wurin za a yi a aro benci daga wata makarantar.

Akawu Mai Ritaya:
Talatar ta yi. Kowa ya zo da biro.

Ɗan Masaƙa:
Ina da tef ɗin awo na mita hamsin. In Baba ya tuna inda duwatsun iyakar suke, ni zan ja shi, ta gefen rumfa da ta gefen shinge duka.

Baba Hedimasta:
Na farko yana gindin dalbejiya, ta gabas. A turo mai Keke ya ɗauke ni.